Sakamako Tukuna, Gaisuwa Daga Baya

Ku 'yan makarantar da ake turo mana koyon aiki kuna ba ni dariya. Jiya-jiyan nan wata daga cikinku ta zuba jini a inji, ta danna maɓalli, ta jingina da bango tana latsa waya. Da takarda ta fito ta ɗauki hotonta ta tura wa likita, sannan ta juyo ta ce da ni, "Adda Dija, ashe aikin lab ɗin ke nan?" Na tambaye ta ko likitan ya gani. Ta ce ai ta tura. Na ce ba tambayar da na yi miki ba ke nan. Ta duba wayar, ga saƙo nan kwance ba a buɗe ba, likita yana can hannuwansa cikin safar roba yana ɗinke goshin wani direba. Sai da na kora ta da ƙafa ta je ta faɗa masa baki da baki. To ku gyara zama. Na kusa barin aikin nan, kuma in na tafi ba wanda zai gaya muku dalilin da ya sa muke hana ku gaisuwa in kuna ɗauke da sakamakon gaggawa.

Gwajin da aka fara bari na yi da hannuna shi ne auna yawan jini. Mista Filibus ne ya koya mini, wani dogon dattijo daga wajen Numan, wanda ya fi son injinansa a kan mutane, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Za ka soki yatsan mara lafiya, ka tari jinin da wani siririn bututun gilashi da bai fi tsinken tsintsiya kauri ba, ka toshe gindinsa da ɗanƙo, ka sa a injin juyi. In akwai wuta, to. In babu, akwai na hannu, ka yi ta wana shi har kafaɗarka ta gaya maka. Na fasa bututun nan ban san iyaka ba kafin hannuna ya zauna, kuma duk wanda na fasa sai Mista Filibus ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya ce, "Dija ya sake yi mana aiki." Madubin da muke duba ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro da shi ba shi da fitila, hasken rana yake tsinta daga taga, don haka ranar da hadari ya haɗo sai mu koma wankin gilasai. Ku yanzu gilashi ɗaya amfani ɗaya, sai kwandon shara. Mu kuwa mu tafasa, mu goge, mu shanya, gobe a sake shafa masa jinin wani.

Marasa lafiya ma sai da na koye su. Wani makiyayi zai miƙo hannu, da ya ga sirinji ya cika sai ya ce, "Wannan duka? Ka bar mini na komawa gida." Wata tsohuwa ta taɓa zama a ƙofar lab har yamma tana jira in gama in mayar mata da abinta. Ban yi musu dariya ba, sai sun tafi.

Gwajin sukari shi ya fi cin rai. A raba ruwan jini da ƙwayoyinsa, a ɗiga a cikin magani, a ajiye a ruwan ɗumi a jira launi ya fito, sannan a sa a wani ƙaramin akwati mai allura ya karanta. In ruwan ya yi ja sosai, sukari ya yi yawa. In ya tsaya fari-fari kamar ba a sa masa komai ba, to mai jinin yana bakin rami. A kan wannan akwati Mista Filibus ya ba ni karatun da ya fi duk na makaranta. Ya ce, "Idan ka ga abin tsoro, je ka faɗa tukuna, ka dawo ka sake gwadawa. In ka yi kuskure, kunya ne kawai. In ka yi latti, gawa ne."

Faɗar kuwa ita ce matsalar. Asibitinmu na Jimeta a warwatse aka gina shi. Lab yana can ƙarshe kusa da wurin wanki, ɗakin gaggawa kuma, wanda kowa ke kira imajensi, yana bakin ƙofar shiga. Tsakaninsu doguwar baranda ce da ke bi ta gaban ɗakin magani da kicin da masallaci. Mai kai sakamako shi ne masinjanmu Baba Sali, mutumin Mbamba, kuma ban taɓa ganin mai riƙon amana kamarsa ba. Takarda ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Amma Baba Sali Bafillace ne da ya sha tarbiyya, ba zai wuce ɗan Adam bai gaishe shi ba. A ɗakin magani ya tsaya: jam na, wato lafiya kuwa, ya gida, ya yara, ya mai jiki, ya zafi, ya labarin shanu. A kicin ma haka. In ya tarar an tayar da sallah, ya soke takardu a aljihu ya bi sahu. In ya isa kuma ya sami likita yana magana da wani, sai ya rakuɓe a gefe ya sunkuyar da kai har a lura da shi. Ba wanda ya taɓa ganin laifinsa, don dukanmu haka aka rene mu. A Yola duk wanda ya fara da buƙatarsa kafin gaisuwa, sai an tambaya ɗan gidan wane ne.

Mun gwada ba 'yan uwan marasa lafiya su kai da kansu, nan ma wata sabuwa. Wani ya ga jan biro a takarda sai tsoro ya kama shi, ya tafi har unguwar Bako neman babban wansa su yi shawara kafin ya nuna wa likita. Wata ta ninke tata ta ƙulle a gefen zane ta tafi dama kunu. Da wayar hannu ta zo muka ce kakarmu ta yanke saƙa, ashe gaisuwar ma ta biyo mu cikin wayar. Ana "ya iyali" layi zai yanke, a sake kira a faro daga "ina wuni". Masu magana sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Mu a lab mun sha zuwa mu tarar an riga an ja zane an rufe fuska.

Ni kuma ina da tawa matsalar ta daban. Babban likitan imajensi wan mijina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ku 'yan yanzu da kuke hira da surukanku a waya har da dariya ba za ku gane ba. A gidanmu wan miji suruki ne. Ba na kiran sunansa, ba na haɗa ido da shi, ba na cin abinci inda yake, in na hango shi a baranda sai in tuna ina da aiki a wani ɗakin. Hamma nake ce masa, wato yaya, shi ma sai ya zama dole. Shi kuma in zai aiko sai ya ce, "A gaya wa mutanen lab." Shekaru muna aiki a asibiti ɗaya, maganarmu tana bi ta bakin nas ko ta aljihun Baba Sali, kuma dangi suna ta yaba mana.

Sai ga shekarar da aka sa dokar ta-ɓaci aka katse layukan waya. Wasunku lokacin kuna firamare. Aka wayi gari waya ta koma fitila da agogo. Babur dama an hana, hanya duk shingaye, daga cikin Yola zuwa Jimeta sai ka yi ta sauka daga keke mai ƙafa uku ana bincike. Mutane suna ta gangarowa daga ƙauyukan kan iyakar Barno, wasu a bayan a-kori-kura, wasu a ƙafa, kowa ya sauka gidan ɗan uwa. Asibiti ya cika har baranda, kaya kuma ba sa isowa. 'Yar na'urar auna sukari da ke imajensi, wadda ake ɗiga mata jini ta faɗa nan take, tsinkayenta suka ƙare aka jefa ta a durowa. Gulukos mai ƙarfi, na allura, ya rage 'yan kwalabe kaɗan, aka kulle su a kabad, ba a fasa ko ɗaya sai lab ya tabbatar. Duk gwajin sukari ya dawo kanmu. Muka kakkaɓe tsohon akwatin Mista Filibus, shi kuwa lokacin ya yi ritaya ya koma gida noma.

Ranar da nake son ba ku labarinta, bayan azahar, Baba Sali ya kawo kwalba ɗaya daga imajensi. Sunan mai jinin Rahila, mace mai tsohon ciki, ta gudo daga wajen Madagali ta sauka wurin yayarta a Vinikilang. An kawo ta ba ta san inda kanta yake ba, jiki zafi rau. Da safe ni na duba jininta na ga ƙwayoyin zazzaɓi sun cika gilashi, aka ɗaura mata ruwa mai kwinin. Ta ɗan farfaɗo, sannan ta sake nutsewa. Hamma ya san halin kwinin. Yana kashe zazzaɓi, amma yana shanye sukarin jiki, balle ga mai ciki da ta yi kwanaki a hanya ba ta ci abin kirki ba. Shi ya sa ya aiko a duba. Ciwon ne ya hau kai, ko sukari ne ya faɗi? Daga waje kamanninsu ɗaya, jini ne kaɗai zai raba gardama.

Na duba murfin kwalbar, ruwan toka ne, irin wadda ke hana jini cinye sukarinsa a hanya, don haka ba zan ce kwalba ce ta yi ƙarya ba. Na raba, na ɗiga, na sa a ruwan ɗumi, na jira launi. Launi ya ƙi zuwa. Na sa a akwati, allura ta ɗan motsa ta tsaya. Sukarin mai lafiya yakan kai biyar, na Rahila bai kai biyu ba. A haka ƙwaƙwalwa yunwa take ji, in aka daɗe ko mutum ya tashi ba lallai ya tashi daidai ba, ga kuma ɗan da ke ciki. Na waiwaya, Baba Sali yana gyara hula yana miƙo hannu ya karɓi takarda. Na dube shi, na tuna ɗakin magani, na tuna kicin, na tuna la'asar ta gabato. Zuwa da kai ya fi aike. Na ce, "Baba, tsare mini lab."

Ban taɓa gudu a asibitin nan ba sai ranar. Mai ɗakin magani ya ɗago hannu yana "Adda, jam na?" na wuce na bar hannunsa a sama. Matan kicin suka bi ni da kallo da ludaya a hannu. Na faɗa imajensi na tarar da nas ɗaya tak, hannuwanta biyu a danne kan cinyar wani mai rauni, jini na bin yatsunta. Na gaya mata. Ta ce, "Makullin kabad yana wurin Dokta, yana waje da baƙi. Ni kuma kin ga ba zan iya sakin wannan ba." Rahila na gadon bakin taga, gumi ya jiƙe ta sharkaf, numfashi sama-sama, yayarta na yi mata fifita da kwali.

Baƙin dattawan unguwarmu ne na cikin Yola, sun zo jaje da buhunan hatsi don waɗanda suka gudo. An shimfiɗa musu tabarma a inuwar dogon yaro, jauro mai unguwa a tsakiya, kusa da shi kawun mijina, wanda shi ya karɓi aurena. Hamma na durƙushe a gabansu da farar rigarsa ta aiki, ya cire takalmi, ana cikin gaisuwa. Irin gaisuwar nan ta manya, murya ƙasa-ƙasa, wannan ya ce jam, wancan ya ce jam kodume, wato lafiya lau, in an gama da ɗaya a koma kan na gaba, kuma ko rabin tabarma ba a kai ba. Na ga shi ma yana satar kallon ƙofar imajensi, amma ba yadda zai yi ya miƙe a gaban iyayensa.

Na tsaya nesa kaɗan na ce, "Dokta." Ko ni ban ji muryata ba. Na ce, "Hamma." Gaisuwa ta haɗiye ta. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige, ba zan ɓoye muku ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na taka har bakin tabarma da takalmina, a tsaye, ba sallama ba durƙuso, na ɗaga murya na kira sunansa na yanka, sunan da ban taɓa furtawa ba tun da aka kai ni gidansu. Kada ku kasa kunne, ba zan maimaita muku shi ba. Na ce, "Rahila, gadon taga. Sukari bai kai biyu ba."

Gaisuwa ta katse. Kawu ya saki baki, carbi a hannu. Hamma ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, karon farko a rayuwa, ya ce, "Rahila, gadon taga, bai kai biyu ba."

Na ce, "Haka ne."

Ya miƙe ya bar takalmansa a nan.

Ya buɗe kabad, ya zuƙi gulukos a babban sirinji, ya tura a hankali ta robar da ke hannunta. Kafin sirinjin ya ƙare na ga fatar idonta na motsi, ta ja dogon numfashi ta yi nishi. Yayarta ta saki kwali ta ɗora hannu a ka tana godiya ga Yesu. Hamma bai saki fuska ba. Ya yi magana yana kallon ruwan da ke ɗiga, ba ni ba. "Kwinin ba za a tsayar ba, in an tsayar zazzaɓin zai tafi da ita. Sukarin kuma zai sake faɗuwa. Za a riƙa kawo jininta a kai a kai. Duk wanda ya kawo mini sakamakonta, kada ya gaishe ni. Ko da wa nake, ko me nake yi, ya faɗi suna, ya faɗi lamba, in maimaita masa. A gaya wa Baba Sali." Sannan ya ce, "Ke ma, Dija."

Da na gaya wa Baba Sali sai ya riƙe haɓa. Ya ce, "Adda, in wuce mutum kamar akuya? Za a ce Sali ya taɓu."

Na ce, "Baba, ba a ce ka daina gaisuwa ba. Ka wuce da takarda, a dawowa ka rama, kamar azumi."

Ya yi ta juya maganar, can ya ce, "To, in akwai ramuwa ba laifi."

Kafin magariba sukarin Rahila ya sake zamewa, ni kuma ina da jinin ƙari a hannu ina haɗawa, na miƙa masa takarda. Na leƙa ta taga ina kallonsa. Dattijo ya dafe hula, yana sauri yana ɗaga wa kowa tafin hannu yana cewa, "Zan dawo, zan dawo." Ya isa, ya faɗa, aka maimaita masa, aka fasa wata kwalbar. A dawowa kuwa ya tsaya wa kowa, har da labarin shanu.

Dokar da muke ta fama da ku a kanta daga gadon nan ta fara. Da farko don Rahila kaɗai aka yi ta, sai nas-nas suka ce me zai hana a yi wa kowa. Daga baya muka zauna da Hamma da shugabarsu muka ware gwaje-gwajen da ba sa jira: sukari in ya faɗi ko ya haura, jini in ya yi ƙasa sosai, gishirin jinin nan mai tsayar da zuciya, da jinin ƙari in bai dace ba. Wanda ya yi gwajin shi ke da alhakin ganin an ji, ba takarda ba. Shekarar da ta biyo baya, da garuruwan arewacin jihar suka watse gaba ɗaya Jimeta ta cika maƙil, ranakun da ake jido masu rauni a bayan motoci, dokar nan ce ta riƙe mu, kuma ina alfahari da hakan. Layin waya ya dawo muka hau da ita waya, kwamfuta ta zo muka hau da ita kwamfuta. Har daga wasu asibitocin aka zo ana tambaya wace na'ura muka sayo, muka nuna musu Baba Sali.

Amma a wannan yammacin ba mu san za a yi haka ba, kuma labari ya riga ni isa gida. A Yola magana ba ta buƙatar layin waya. Na tarar da Goggo Nenne, ƙanwar mahaifin mijina, zaune a tsakar gida ta miƙe ƙafa, ko amsa sallamata ba ta yi da kyau ba. Ta ce, "Dija, ashe haka aikin asibiti ke cire wa mace kunya? A gaban jauro, a gaban kawunku, da takalmi, ki kama sunan wan mijinki kamar kina kiran mai tallan gyaɗa?"

Na durƙusa. Ta ce gobe ba zan je aiki ba, za ta kai ni gidan Kawu in ba da haƙuri, sannan in zauna a gida har maganar ta lafa. Maigidana ya dube ni, ya dube ta, ya tuna ana jiransa a masallaci.

Na ce, "Goggo, haƙuri zan bayar da gwiwoyina biyu, gobe in na tashi aiki. Amma mu biyu ne muka rage masu iya tsohon akwatin nan. Ɗayan yana can zai kwana, da safe ni zan karɓe shi, kuma matar ba ta tsallake ba."

Ta ce, "Matar 'yar uwarki ce?"

Na ce, "Jininta yana hannuna, Goggo."

Ta ja tsaki ta juya mini baya. Raina ya ɓaci, don ina ƙaunar tsohuwar nan, ita ta yi mini wankan jego. Da safe na fita tana kan sallaya, ba ta ce tafi ba, ba ta ce zauna ba.

Da hantsi sukarin ya sake faɗuwa, Hamma yana tsakiyar zagayen marasa lafiya da ƙananan likitoci. Na ratsa su na faɗa, ya maimaita, ba wanda ya ko ɗaga kai. Zuwa yamma lamba ta tsaya daram, ƙwayoyin zazzaɓi a gilashi sun ragu, ungozoma ta sa kunne ta ce zuciyar ɗan tana bugawa. Abu ɗaya ne ya rage, kuma shi ya fi damuna. Rahila tana buɗe ido, tana haɗiye kunu in an ba ta, amma ba ta cewa uffan. Yayarta ta kira ta da yarensu, ta bi ta da kallo kamar ba ta taɓa ganinta ba. Na tambayi nas me Dokta ya ce. Ta ce ya ce ba a san tsawon lokacin da ƙwaƙwalwar ta yi cikin yunwa ba kafin a gane, sai dai a jira. Wato duk gudun nan da na yi, ta yiwu na yi latti.

Da wannan a raina na tafi gidan Kawu. Na cire takalmi tun daga zaure, na durƙusa nesa, na ba da haƙuri. Ya bar ni na gama tsaf, yana jan carbi. Sannan ya ce ranar ba su tafi nan da nan ba, ya aika an leƙo masa ta taga, an gaya masa abin da aka gani. Ya tambaye ni ko matar ta tashi. Na ce da saura. Ya ce, "Allah ya tashe ta. Na karɓi haƙurinki, don gaskiya kin ba ni kunya a gaban jauro. Amma ki ji. Ranar da aka kwantar da ni a can, kada ki tsaya cire takalmi."

Washegari da safe na ɗauki faranti da sirinji na tafi ɗibar jininta da kaina. Na tarar an jingina ta da filo, yayarta na goge mata baki. Hamma ya shigo, ya duba ruwan, ya duba idonta da 'yar fitila. Ya ce, "Rahila, kin san inda kike?" Shiru. Ya sake tambaya. Ta dube shi, ta dubi farar rigarsa, ta dube ni da farantina, ta daɗe a haka. Yayarta ta fara share hawaye da gefen zane.

Can sai leɓɓanta suka motsa. Murya a dushe ta ce, "Dokta, ina kwana."

Hamma ya ce, "Lafiya lau."

"Ya gajiya? Ya aiki? Ya iyali?" Tana yi tana hutawa, amma a jere, kowace a wurinta. Ta juya ta kama hannun yayarta ta kira sunanta, ta tambaye ta yara, ta tambaye ta wa aka bar wa gida. Hamma, da jerin marasa lafiya ke jiransa har waje, ya jawo kujera ya zauna. Ya amsa mata ɗaya bayan ɗaya, ya mayar mata, ya jiki, ya ƙarfi, ya baƙunta.

Sai ta juyo gare ni ta ce, "Sista, ban gaishe ki ba."

Na ajiye sirinjin a faranti, na durƙusa a bakin gadon, muka fara tun daga farko. Ba mu tsallake ko ɗaya ba.